Motar da Baba Ya Rufe wa Baki

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya cika ranar wata Laraba bayan la'asar, a ɗakinsa a Limawa, kansa a kan cinyata. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Kafin magariba gida ya cika maƙil. Direbobin tasha suka zo a jere, har da waɗanda suka shekara suna yi masa tsiya wai motarsa ba ta gudu. Tsofaffin matan da ke kai daddawa da kuka kasuwar Taura suka baje a tsakar gida suna ta faɗin alherinsa. Wannan ta ce shi ya kai 'yarta asibiti tana naƙuda, waccan ta ce bai taɓa wuce ta a bakin hanya ba ko mota ta cika. Washegari wani dattijon Bafillace daga wajen Miga ya ajiye ƙwaryar nono a ƙofar zaure, ya yi addu'a, ya juya ko ruwa bai sha ba. Yaran unguwa kuwa cewa suke, "Allah ya jiƙan Baba Kurma," don su da kurmancin suka san shi.

Ranar sadakar uku ina durƙushe ina zuba gumba a faranti, sai na ji wata mata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita: "Ba shi ne aka taɓa kamawa da kwalaben barasa a mota ba? To, Allah dai ya yafe masa."

A gidan ubana, a kan tabarmar ubana, bakinta cike da sadakarsa! Wallahi saura ƙiris in kifa mata farantin a ka, Inna ce ta riƙe mini gefen zane. A daidai lokacin kuma ana jiyo kukan wani namiji daga zaure, kuka har da majina, maza na ta ba shi haƙuri. Mijin Goggo ne, wato mijin ƙanwar Baba. Ku riƙe shi a ranku, zan dawo kansa.

Ni mai ɗinki ce, ba marubuciya ba, kuma duk Limawa an san ba na haɗiye magana. Na ɗauki biro ne don kada raɗar matar nan ta zama ita ce abin da jikokinmu za su gada game da Baba.

Baba ɗan gidan malamai ne. Kakanmu yana da makarantar allo, ya haifi maza biyu. Babban, wanda muke ce wa Baffa Malam, ya haddace Alƙur'ani ya gaji makarantar. Ƙaramin, wato Baba, yana izu ashirin ya shaƙi ƙamshin fetur, ya jingine allo ya bi mota. Har Kaka ya koma ga Allah bai daina ce masa "ɗan tasha" ba. Daga baya Baffa Malam ya makance, sai ga ɗan tashan nan shi ke ciyar da gida biyu da tsohuwar a-kori-kurarsa, yana jigilar hatsi da awaki da mutane tsakanin Dutse da kasuwannin ƙauye.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mutum ne da ba ya son hayaniya. Ko hon ba ya dannawa sai dole, yakan ce direba mai yawan hon ka duba birkinsa. Amma fa bakinsa ba linzami. In zai faɗa maka gaskiya, ba ruwansa da ko su wa ke wurin, kuma a nan na gado shi.

A shekarun da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, aiki ya buɗe, kowa na hanƙoron sayen fili. Baba ya haura hamsin, shi abin da ke cin ransa daban ne. Wata Juma'a ina gidan, na ji shi a zaure yana cewa, "Yaya Malam, ina so in ƙarasa izu arba'in ɗin nan kafin in je in tarar da tsoho. Amma daga asuba har isha ina kan hanya."

Baffa Malam ya ce, "To, ni makaho ne, duk inda aka zaunar da ni nan ce makaranta. Sa ni a gaban motar. Yaran makaranta kuwa babban ɗana ya ishe su."

Ranar farko suka dawo Baffa Malam na dafe da kai. Inna ta tambaye shi yaya karatu.

Ya ce, "Wane karatu? Na biya masa aya, ƙofa ta amsa. Na sake biyawa, rufi ya amsa. Ƙanen nawa dai har muka je muka dawo ban ji muryarsa ba."

Gaskiyarsa. Motar nan in ta hau gargadar hanyar burji, komai na jikinta magana yake. Tsakuwa na dukan ƙasanta, gilashi na kaɗawa, inji na ruri a gaban ƙafarka, rana kuma ta gasa rufin har rawani ya jiƙe. Wani zai ce a haƙura. Baba ya ce motar ce za ta yi shiru.

Ba ya fita ran Juma'a, don haka duk bayan sallar Juma'a sai ya tuɓe riga ya shiga aiki. Ya cire kujera, ya bi ƙarfen yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a jiki. Yakan ce, "In ƙarfe ya ce ƙwang, yunwa yake ji. In ya ce dib, ya ƙoshi." Ya roƙo guntun kwalta wurin masu aikin titi, ya narkar a gwangwani, ya shafe ƙasan motar, ya yanka tsohuwar robar cikin taya ya manna a kai tun kwaltar na da zafi. A saman wannan ya shimfiɗa buhun algarara ninki biyu. Bangon da ya raba inji da ƙafafu ya lulluɓe shi da fatar sa mai kauri, don ya ce nan kusa da wuta ne, ba wurin tsumma ba. Duk wata kafa da waya ta ratsa ya toshe ta da roba. Rufi kuma ya sha tsohon bargon Inna da tabarmar kaba, zafi ya ragu, Inna ta yi wata guda tana mita a kan bargonta.

Ƙofofi ne suka ba shi wuya. Da farko auduga ya cusa a ciki. Damina na sauka ruwa ya bi gilashi ya shiga, audugar ta sha ta ƙoshi, motar ta ɗauki wari kamar ɓera ya mutu a rumbu, ga tsatsa ta fara ci. Baffa Malam ne ya ba da shawara. Ya ce audugar rimi ba ta shan ruwa, ita ce a matashin kan tsohonsu, kuma har ya mutu bai ruɓe ba.

Wa ke da rimi? Mijin Goggo. Akwai wani ƙaton rimi a gonarsa. Shi da kansa ya ɗauko buhu biyu ya kawo, ya zauna a zaure yana cin goro, yana kallona ina ɗinki. Ina so a riƙe wannan da kyau: yana kallo. Jakunkuna na ɗinka sirara, kaurin damtse, tsawon kamu ɗaya, don a jera su a tsaye ba tare da sun hana gilashi sauka ba. Kowace ƙofa ta ci goma sha biyu. Baba ya naɗe su da leda, ya jera, ya rufe da yadi mai kauri. In ka danna yadin da hannu za ka ji su a jere.

Gwajin da suka yi ma abin dariya ne. Baba ya hau mafi munin gargada, ya ce Baffa Malam ya ja carbi. Da yamma ya faɗo gida kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, yana cewa, "Uwata, na ji carbi! Ƙas, ƙas, ƙas, ina tuƙi ina ji!" Ranar duk gidan mun ci tsire.

Shekara bakwai suna haka. Baffa Malam ya biya, Baba ya maimaita, in ya yi kuskure a buga masa carbi a gwiwa. Fasinjan baya sun saba ganin kawunan tsofaffi biyu ta gilashi suna rausaya tare. Abu ɗaya ke sauke Baffa Malam daga gaba, shi ne marar lafiya ko mai naƙuda. Shi da kansa yake lalubo ƙofa ya fito, ya ce a kwantar da ita a inda ba ƙara, a kama masa hannu ya hau baya ya zauna a kan buhu.

Yanzu ga rigimar. Gaban motar yana cin mutum uku. Mijin Goggo ɗan kasuwar riɗi ne, ya je Makka ya dawo da haƙori, kuma ba ya rufe baki don a gan shi. Wata rana ya shiga gaba za su Taura. Tun daga Dutse har suka isa yana zuba, farashin riɗi, wanda ya yi aure, wanda ya karye. Baffa Malam bai sami kafar saka aya ɗaya ba. Mako na zagayowa ya sake zuwa tasha da babbar riga ta sha sitaci, ya kama ƙofar gaba. Baba ya ce, a gaban jama'a, "Alhaji, baya. Na sha wuya na rufe wa mota baki, ba zan ɗauko wani bakin in sa a ciki ba."

Tasha ta kwashe da dariya. Ya hau baya cikin awaki, kuma kafin su kai wata akuya ta yi masa fitsari a riga.

Ban ce Baba ya kyauta ba. Bai kyauta ba, kuma Inna ta faɗa masa. Ya sayi goro ya taka har gida ya ba da haƙuri. Mijin Goggo ya karɓi goron yana murmushi, ya ce ba komai. Baba ya dawo ya ce magana ta wuce, don shi in ya ce ba komai, ba komai ɗin yake nufi.

Da aka ƙaddamar da shari'a mun yi murna, Baba har da hawaye. Lokacin yana cikin Baƙara, saura masa izu uku. Inna ta ɗaure rago tana ba shi dusa don walima, ni kuma na sayo yadin da zan ɗinka wa tsofaffin biyu riga iri ɗaya. A watannin farkon nan, a wasu ƙauyuka akwai samarin da ba wanda ya aike su, su suka naɗa kansu, suna tare motoci da gora suna bincike.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, a baya, za ni suna Taura. A tashar wani ƙauye kafin a kai, ranar kasuwarsu, samari wajen goma suka sha gabanmu. Ba su kalli buhu ko ɗaya ba. Kai tsaye suka nufi ƙofa. Babbansu ya buɗe, ya danna yadin, ya ɗaga murya: "Ga su nan a jere! Kwalabe ne!"

Kasuwa ta watse ta yo kanmu. Suka jawo Baffa Malam waje, takalminsa ɗaya ya fita, aka bar shi tsaye a rana yana lalube, yana cewa, "Me ya faru? Direba, me ya faru?" Wani daga cikin taron ya amsa masa: "Barasa kuke ɗauka, Malam, kana fakewa da carbi!" Baba na roƙonsu su bar shi ya kwance da sukudireba su gani. Ina! Wuƙaƙe suka sa. Ina ihu ina cewa ni na ɗinka, rimi ne, wa zai saurari mace a ranar? Suka farke jakunkunana ɗaya bayan ɗaya. Audugar ta tashi fara fat, ta sauka a kan mutane, a kan tsire, a gemun Baffa Malam. Suka yage rufi, suka ɓanɓare ƙasa har kwalta.

Ba su sami ko murfin kwalba ba.

Babbansu ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wani dattijo ne na cikin gidanku ya kawo mana labari, Alhaji ne ma. Shi ya ce mu taɓa ƙofa." To amma haƙurin a hankali ya faɗe shi, na kusa kaɗai suka ji. Na bayan taro tuni sun tafi da rabin farko na labarin, kuma kafin mu dawo Dutse ya riga mu isowa.

Kwana huɗu bayan nan Goggo ta zo ta faɗi a ɗakin Inna tana kuka. Ta ce ta ga babban samarin nan a zauren mijinta mako guda kafin abin, kuma ranar da abin ya faru mijin ya shigo yana fara'a, ya ce yanzu gaban motar kowa ma ya shiga. Mutumin da rimin gonarsa ne a ƙofar! Allah wadaran wannan hali.

Wasu iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga makaranta. Baffa Malam bai ƙara shiga motar ba. Ya daina cin abincin kirki, ya daina zolayar kowa, kafin damina ta fita muka binne shi. Yana kwance ya ce wa Baba, "Direba, izu uku ne kawai. Nemi wani ya ji maka." Baba bai nema ba. Na roƙe shi har na gaji, ya ce wanda ya ji masa talatin da bakwai shi ne mai jin ukun. Taurin kai ne, na sani, amma ban iya ganin laifinsa ba. Ragon walima a sadakar Baffa Malam aka yanka shi.

Na ce to ya bari in sake ɗinka jakunkuna, ko don kunnensa.

Ya ce, "A'a, Uwata. In na rufe ƙofar nan za a ce na sake ɗurawa. Bar ta a buɗe, kowa ya ga cikinta."

Shekara takwas ya yi yana tuƙa motar nan tsirara, ƙarfe zalla, kwalta a ɓanɓare. Ƙara ta cinye masa kunne. Na hagu ne ya fara tafiya, wanda ke jikin ƙofa, sannan na dama ya bi. Daga ƙarshe ko karatun liman ba ya ji, sai ya saci kallon na kusa da shi a sahu ya san an yi ruku'u. Ƙanena ne ya ba ni wannan labari, kuma ranar na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar mijina.

Duk da haka bai taɓa tunkarar mijin Goggo ba. Yana gaishe shi ranar salla, yana zuwa sunan jikokinsa. Ni kuwa tun ina ƙarama Baba nake ce wa mutumin nan, daga ranar na ƙwace sunan, na koma ce masa Alhaji, shi ma a daƙile. Baba yakan girgiza kai ya ce, "Uwata, zuciyarki ta fi injin motar nan zafi." Nakan ce eh, kuma ba na neman ruwa.

Ranar da zai cika, Inna ta fita dama masa kunu, daga ni sai shi. Muryar da kurmanci ya sa take cika gida ta koma raɗa. Ya kama hannuna ya ce, "Uwata, ki gaya wa mijin Goggonki na yafe masa, duniya da lahira. Amana na ba ki." Ban amsa ba. Ko na amsa ma ba zai ji ba.

Da aka watse daga sadakar uku, mijin Goggo ya aiko a kira ni zaure. Ya tsufa, ciwon suga ya kumbura masa ƙafa, kuma duk wanda ya kalli idonsa ya san tsoron kabari ya kama shi.

Ya ce, "'Yata, an ce ke ce a kansa. Ya ambace ni?"

Na ce, "Ya bar maka saƙo, Alhaji."

"Me ya ce? Don Allah me ya ce?"

Raɗar matar nan na nan tana tafasa a kunnena. Na ce, "Saƙon yana tashar da aka farke ƙofa. Ranar kasuwa za ka je ka tsaya, ka faɗa wa jama'a abin da ke cikin ƙofar da wanda ya kawo shi. In ka gama zan ba ka."

Ya ce, "Haba 'yata, ki dubi furfurata."

Na ce, "Baffa Malam ma yana da furfura. Da takalmi ɗaya aka tsayar da shi a rana."

Mako uku yana turo mini mutane. Goggo ta zo, matar liman ta zo. Inna, da na gaya mata abin da ke cikin saƙon, ta ce in ji tsoron Allah, amanar mamaci ba abin ciniki ba ce, in mutumin nan ya mutu bai ji ba ina zan sa kaina? Na ce na sani, Inna. Kuma na sani ɗin, don duk sanda na ji an yi salati a unguwa sai gabana ya faɗi. Amma na cije. Baba ya yafe haƙƙinsa, bai ce a bar sunansa a cikin kwata ba.

A mako na huɗu ya aiko ya ce ya yarda.

Ƙanena ne ya tuƙa mu a motar Baba. Na ce a sa Alhaji a gaba, ni na hau baya da Goggo da tsofaffin mata masu daddawa. Direbobi biyar na tasharmu suka biyo mu, don na tabbatar labari ya kai musu. Da muka isa Alhaji ya fito yana toshe da kunnuwa saboda ƙarar motar, jiri na ɗibarsa. Tafiyar sa'a ɗaya ke nan.

Ƙanena ya bubbuga jikin motar har mutane suka taru. Mijin Goggo ya dafa ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ɗaga murya, Alhaji. Na baya ba sa ji, kuma na baya ne suka tafi da labari wancan karon."

Ya ɗaga. Ya ce, "Jama'a, shekarun baya an tare motar nan a nan an ce barasa ce a ƙofarta. Ni na kai labarin, kuma ƙarya na yi. Audugar rimi ce, daga gonata, ni na kawo ta da hannuna. Bawan Allahn nan karatu yake yi a ciki shi da yayansa."

Na ce ya juya wajen 'yan hatsi ya sake faɗa. Ya juya ya sake. Wani tsohon mai tsire ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Na tuna ranar, audugar har nama ta ɓata mini. Ni ma na ba da labarin nan ya fi a ƙirga. Astagfirullah." Aka yi ta salati. Wata mata ta tofar da yawu a gefe. Ba wanda ya taɓa shi, ban kuma so a taɓa shi ba, so nake ya tsaya da ƙafarsa ya ji kowane ido.

Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Saƙon fa?"

Na ce, "Baba ya ce ya yafe maka, duniya da lahira."

Ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya fashe da kuka. Wannan karon na gaske ne, na san bambanci. Goggo ta durƙusa kusa da shi. Can ya ɗago, ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, "Ke fa, 'yata?"

Na ce, "Saƙo ɗaya aka ba ni, Alhaji, kuma na isar." Na gyara mayafina na hau mota.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Baffa Malam, ya haɗa su a inda ba mai katse musu karatu. Addu'ata a nan ta tsaya.